Filin Masu Karatu: Suna Ɗaya, Bugu Daban-daban

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan littafi suka tsaya, na addini, na ilimi da na haƙƙin ɗan Adam. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Malaminmu ya ba mu lambar hadisi a Sahihu Muslim, da na duba nawa sai na tarar da wani hadisin daban. Haka ma lambar aya a Mus'hafina ba ta yi daidai da ta abokin karatuna ba. Na wa ke da kuskure? — Wani ɗalibi

Wa alaikumus salam. Da wuya a ce akwai mai kuskure a cikinku. Lambobin da kake gani a gefen hadisai ba Imam Muslim ne ya sa su ba. Shi ya rasu a shekara ta 261 bayan Hijira, lambobin kuwa aikin masu gyaran bugu ne na zamanin ɗab'i, kowa da tsarinsa. Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, masanin nan na Masar, yakan ba hadisi lamba ɗaya tare da duk hanyoyin da ya zo ta cikinsu, sai ƙirgarsa ta tsaya a 3033. Wasu kuma kowane isnadi, wato jerin masu ruwaito hadisin, lambarsa daban, shi ya sa tasu ta haura 7000. Ka ga wanda ya ce maka "hadisi na 1500" bai faɗa maka komai ba sai ya haɗa da bugun da ke hannunsa.

Idan za ka rubuta madogara, ka fara da sunan kitabi, kamar Kitabus Salati, sannan sahabin da ya ruwaito, sannan kalmomi uku ko huɗu na farkon matani, wato lafazin hadisin, lamba ta zo a ƙarshe tare da sunan wanda ya ƙirga. Babi ma kada ka dogara da shi shi kaɗai a Muslim, domin kanun babukan ba nasa ba ne, yawancin bugu na Imam Nawawi suke ɗauka. A Bukhari abin ya bambanta, shi da kansa ya rubuta kanun babukansa.

Mus'hafi kuma, bambancin lamba daga wurin da ake ɗauka a matsayin ƙarshen aya yake. Bugun riwayar Hafsu yana bin ƙirgar mutanen Kufa, aya 6236. Na Warshu galibi ƙirgar Madina yake bi, 6214. Ɗauko su biyun ka buɗe farkon Baƙara: a na Hafsu za ka ga da'irar lamba 1 nan take bayan "Alif Lam Mim", a na Warshu babu ita a wurin. Surar ta ƙare a 286 a na farko, 285 a na biyu. Shafukan ƙarshen Mus'hafi, waɗanda mutane ba su cika karantawa ba, su ke bayyana riwaya da ƙirgar da aka bi.

Inda bambancin ya wuce na lamba shi ne irin Muwaɗɗa ta Imam Malik. Riwayar Yahya bin Yahya al-Laisi ce ta fi yaɗuwa, amma ta Muhammad bin Hasan ash-Shaibani tana ɗauke da bayanansa da ra'ayoyin malaminsa Abu Hanifa. Suna ɗaya a bango, ciki ba ɗaya ba. Masu karatunmu Kirista ma sun san irin wannan: Littafi Mai Tsarki na Furotesta littattafai 66 ne, na Katolika 73, kuma Zabura ta 23 ita ce ta 22 a bugun da ya bi ƙirgar Girkanci.

Ban iya Larabci ba, fassara nake saye. Ta yaya zan gane mai kyau, kuma ta yaya zan gane bugun jabu? — Wata uwargida

Hajiya, kafin ki biya kuɗi ki juya shafi na biyu, bayan na take. A nan ya kamata ki ga sunan mai fassara, harshen da ya fassaro daga gare shi, maɗaba'a, shekara, da bugu na nawa ne. Fassarar da ba ta da sunan mai ita, ki ajiye ta. Babu wanda za a tuhuma idan ta yi kuskure. Ki lura da wadda aka yi daga wata fassarar, wato daga Larabci zuwa Turanci sannan zuwa harshenki. Duk kuskuren na farko na biyu zai gada, ya ƙara nasa.

Sai ki duba ko an raba maganar mawallafi da ta mai fassara. Mai amana yakan sa ƙarin bayaninsa a ƙasan shafi ko cikin baka, ki san wannan nasa ne. Wanda ya cakuɗa su zai sa ki jingina wa malamin da ya rasu shekara 700 da suka wuce maganar da bai taɓa yi ba. Kalmar "Mukhtasar" ko "Tahzib" a bango kuma tana nufin an rage littafin. Ba laifi ba ne, amma ki san abin da kika saya. In da hali, ki zaɓi bugun da ya sa Larabcin a gefe ɗaya, fassara a ɗaya, don wanda ya iya ya gwada miki shafi biyu ko uku.

Bugun jabu hoton na asali ake ɗauka a sake bugawa, saboda haka ƙananan abubuwa ne ke tona shi. Wasullan Larabci suna dushewa ko su manne da harafi, rubutun ƙasan shafi ya yi bishi-bishi, gefen ciki ya matse har sai kin danne littafin kafin ki karanta ƙarshen layi. Ki bi lambobin shafi da yatsa: ana buga littafi ne fale-fale, galibi shafi 16 ko 32 a haɗe, don haka in an yi kuskuren haɗawa, shafi 16 ko 32 ne za su ɓace ko su maimaitu gaba ɗaya. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya mai alƙaluma 13 tun daga 2007, ba hujja ba ce, ita ma kwafe ta suke yi.

Na karanta a wani littafi cewa Sanarwar Duniya kan Haƙƙin Ɗan Adam doka ce da ta hau kan kowace ƙasa. Zan iya kafa hujja da ita a kotu? — Wani ma'aikacin sa-kai

Malam, marubucin ya gajarta magana har ta karkace. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Sanarwar a birnin Paris ranar 10 ga Disamba, 1948, ƙasashe 48 suka goyi baya, 8 suka ƙaurace, babu wadda ta ƙi. Sassa 30 gare ta. Amma sanarwa ce, ba yarjejeniya ba. Ba a rattaba mata hannu, ba ta kafa kotu ba. Nauyinta ya zo ne daga yadda ƙasashe da yawa suka kwashi kalmominta suka zuba a tsarin mulkinsu.

Masu ɗaure ƙasa su ne yarjejeniyoyi. Biyu aka amince da su a 1966, suka fara aiki a 1976: ta haƙƙin ɗan ƙasa da siyasa, da ta tattalin arziki, zamantakewa da al'adu. Akwai ta haƙƙin yara ta 1989 mai sassa 54. Akwai ta Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummai, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta fara aiki a 1986, kuma ta bambanta da sauran domin sassa na 27 zuwa 29 sun lissafa wajibai a kan mutum, ba haƙƙi kaɗai ba.

Duk lokacin da littafi ya ce "ƙasa kaza ta shiga yarjejeniya", ka tambayi abu uku. Hannu kawai ta sa, ko ta tabbatar? Ba ɗaya ba ne: Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar yara a 1995 amma ba ta tabbatar da ita ba. Ta yi togaciya? Ƙasa na iya karɓar yarjejeniya ta ce ban da sashe kaza. Na uku, shin tsarin ƙasar yana ɗaukar yarjejeniya a matsayin doka kai tsaye, ko sai majalisa ta mayar da ita dokar cikin gida? Wannan na ƙarshen yana iya kayar da masu ƙara. A gaban alƙali ka fara da babin haƙƙoƙi na tsarin mulki da dokokin ƙasa, yarjejeniya ta biyo baya, Sanarwar ta zama ƙarin ƙarfi. Littafin shari'a kuma saurin tsufa gare shi. Dubi shekararsa, sannan ka nemi rubutun dokar na yanzu.

Wani littafin ilimi ya ce shigar yara firamare a wata ƙasa ta kai kashi 110 cikin 100. Kuskuren bugu ne? — Wani malamin makaranta

A'a. Ma'auni biyu ne. Ɗaya yana ƙirga duk wanda ke aji, har da wanda ya girme wa ajin da mai maimaitawa, ya raba da yawan yaran da shekarunsu suka dace. Wannan yana iya haura 100. Ɗayan yana ƙirga masu shekarun da suka dace kaɗai, ba ya haurawa. Adadi mai yawa a na farkon ba lallai albishir ba ne, yana iya nuna ana makara wajen shiga. Ka kuma duba ƙasan jadawalin: shekarar da aka tattara alƙaluman takan girme wa shekarar bugu nesa.

Rufi ya yi yoyo, littattafan mahaifina sun jiƙe, wasu kuma ƙwari na ci. Yaya zan yi? — Wata mai karatu

Malama, ki gaggauta, domin fumfuna kan fara kama takarda mai laima cikin kwana biyu zuwa uku. Kada ki shanya a rana, kada ki sa dutsen guga; bango zai kanannaɗe, takarda ta yi ƙamas. Ki tsayar da littafin a kan tawul, ki ɗan buɗe shi, ki kunna fanka a ɗakin. Wanda ya jiƙe sosai ki riƙa cusa farar takarda mai shan ruwa bayan kowane shafi 20, kina canzawa in ta sha. Kada ki cusa da yawa har ƙashin bayansa ya buɗe. Takarda mai sheƙi a raba ta tun tana jiƙe, in ta bushe a manne shi ke nan. Rubutun hannu kuwa kada ki goga, tawada za ta bazu. Sai ya kusa bushewa sarai za ki kwantar da shi ki ɗora nauyi.

Na ƙwarin, ki sa kowane littafi busasshe a leda, ki matse iskar ki ɗaure, ki ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har mako guda. In kin fito da shi ki bar shi cikin ledar kwana ɗaya kafin ki buɗe, don raɓar ta tsaya a jikin leda. Kada ki fesa maganin sauro a kan takarda, kuma kada ki liƙe yagewa da salatif, mannensa yakan rine shafi ya bar tabon da ba ya fita. Gara daga ƙasa da bango take hawowa, saboda haka kantar ta tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da bango, ki riƙa haska bayanta da tocila kina neman hanyar laka da gara ke ginawa.