Filin Tambaya da Amsa: Kwandala mai mujiya da aka kawo min daga Italiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni tela ne a Aboabo nan Kumasi, tun ina yaro nake tara tsofaffin kuɗi, ina da kwabo mai huda na zamanin Turawa da sisi da sule da fesuwa mai kan Nkrumah duk a cikin gwangwanin da kakata ta bar min. To satin da ya wuce wani yaro da ya dawo daga Italiya ya kawo min wata kwandala fara, gefe ɗaya kan mace ce da hular yaƙi ɗaya gefen kuma mujiya mai manyan idanu da haruffa uku, ya ce ta Girka ce ta fi shekara 2000, wai sidi 1,500 zai bar min. Na turo maka hotunanta. Dan Allah wace ce wannan matar, kuma kwandalar ta gaske ce ko jabu? Sannan wani abokina ya ce gunki ne bai kamata in ajiye a gida ba. Ɗan'uwanka daga Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, wallahi na ji daɗin wannan tambaya, don ba kasafai nake samun wanda ya damu da tsofaffin sulalla a zangonmu ba. Matar sunanta Atina, ita ce tsofaffin Girkawa suka ɗauka abar bautarsu ta hikima da yaƙi kuma mai tsaron birnin Atens. Mujiyar tsuntsuwarta ce. Mu dai in mujiya ta yi kuka a kan rufi sai tsofaffi su fara neman tsari, su kuwa alamar basira ce a wurinsu. Haruffan nan uku, A da da'ira mai ɗigo a tsakiya da E, farkon kalmar da ke nufin "na mutanen Atens" ne, kuma in ka duba bayan mujiyar za ka ga reshen zaitun da ɗan jinjirin wata. An fara buga irinta wajen shekara ta 510 kafin Miladiyya, da azurfar da bayi suke haƙowa a Lauriyon kudu da birnin. A 483 aka ci karo da wata jijiyar azurfa mai kauri a wurin, wani jagoransu Temistokilis ya hana a raba kuɗin ya ce a ƙera jiragen yaƙi, da waɗannan jiragen suka karya rundunar Farisa a Salamis a 480. Darajar kwandalar dirakma 4 ce, dirakma kuwa sunan kuɗin Girkawa ne, kuma a ƙarshen wancan ƙarnin magini ƙwararre dirakma ɗaya yake samu a wuni, ka ga ladan kwana huɗu kenan a tafin hannu. Har yau in ka samu kwandalar yuro 1 ta Girka wannan mujiyar ce a jiki.

Yanzu batun taka. Gaskiya hotunan ba su kwanta min ba, kuma ina roƙonka kar ka ba da ko fesuwa tukuna. Na taɓa riƙe ta gaske sau ɗaya a shagon wani dillali a Turai, abin da ya fara ba ni mamaki kaurinta ne, dunƙulalliya ce kamar an matse ƙwallon ƙullu da babban yatsa, ba ta zagaye daidai ba, tukkun hular Atina ma ya fita waje don ƙarfen bai ishe shi ba, ga wani sara mai zurfi a fuskar mujiyar da wani ɗan kasuwa ya yi da kurfi tun wancan zamanin don ya tabbatar ba tagulla aka lulluɓe da azurfa ba. Dalili shi ne da hannu ake buga su, a ɗora gutsuren azurfa a kan hatimin da ke jikin uwar maƙera, a ɗora wani hatimin a sama a sauke guduma, shi ya sa da wuya ka ga biyu da suka zo iri ɗaya sak. Taka kuwa ta zagaye tsaf kamar sidi ɗaya, a hoto na uku ina hango wani siririn layi da ya bi gefenta, ga ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a kumatun matar. Wannan alamar zubi ce, wato an narka ƙarfe an zuba a mazubi biyu an haɗe, irin tsarabar da ake sayar wa masu yawon buɗe ido.

Amma hoto ba ya yanke hukunci, sikeli ke yankewa. Mu da muke zaune a garin da Asantawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna awon garin zinariya da 'yan ma'aunai na tagulla, bai kamata a sayar mana da ƙarfe ba awo ba. Ka ɗauki yaron da kwandalar ku je wurin maƙerin zinariya, a ɗora ta a ƙaramin sikelin nan nasu. Ta gaske giram 17.2 take yi, in ta sha hannu ta ɗan ragu kaɗan, faɗinta kuma wajen milimita 24. In ka ga 12 ko 14 ko 20 magana ta ƙare. Ka kara mata maganaɗisu, azurfa ba ta kamawa. Ko ta haye waɗannan biyun ba shi ke nan ba, don akwai gwanayen jabu da ke aiki da azurfar gaske. Ga kuma farashin, mai kyau a wurin dillalan da aka sani ɗaruruwan daloli ce har ta haura dubu, sidi 1,500 kuwa ko dala 200 bai kai ba. Mai yiwuwa shi ma yaron sayar masa aka yi bai sani ba, kar ka ci masa fuska. In ma ta gaske ce ka tambayi takardunta, don Girka da Italiya da Turkiyya duk dokarsu ta ce kayan tarihin da aka tono a ƙasa na hukuma ne, akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan safarar irin waɗannan kaya. Dillalin kirki zai ba ka rasit mai hoto da nauyi da bayanin hannun da ta fito.

Maganar abokinka ba ta wasa ba ce, ni kuma ba mai fatawa ba ne, ka kai ta gaban malaminka. Abin da zan ƙara maka tarihi ne ka tafi da shi. Kalmar dirhami da muke karantawa a Suratu Yusuf, inda aka sayar da shi da 'yan dirhamai ƙidayayyu, daga dirakmar Girkawa ta samo asali. A zamanin Manzon Allah (SAW) da sahabbai dinarin Rumawa ake kashewa mai hoton sarkinsu da gicciye, da dirhamin Farisa mai hoton Kisra da wurin bautar wuta, sai a zamanin Abdul Malik bin Marwan shekara ta 77 bayan Hijira aka fitar da dinari mai rubutu zalla. Ni a nawa ganin akwai tazara tsakanin wanda ya adana kwandala a akwati don ilimi da wanda ya rataya ta yana neman sa'a ko tsari, na biyun nan kam ka guje shi, haka masu cewa tsohon kuɗi yana jawo arziki.

In ranka na son wannan fanni, kuma na ga alama yana so, kar ka fara da mujiya. Fara da ƙananan na tagulla, ana samunsu a 'yan gomomin daloli kuma masu jabu ba su cika wahalar da kansu a kansu ba. Sannan ka koyi gane birni daga alamarsa, nan daɗin yake. Doki mai fukafukai na Korinti ne, kunkuru na tsibirin Ejina, ƙudan zuma da barewa na Afisa garin abar bautarsu Artemis, fuskar Heliyos mai wakiltar rana da fure a baya na Rodes. Na Iskandar sarkin Masedoniya wanda ya mutu a 323 kafin Miladiyya suna da yawa sosai don an ci gaba da buga su bayan mutuwarsa, gaba Herakilis ne jarumin tatsuniyarsu sanye da fatar zaki, baya Zus babban abin bautarsu a kan kujera da gaggafa a hannu. Wanda ya fi tsaya min a rai na Sirakus ne a Sisili, kan Aretusa aljanar ruwa a tatsuniyarsu da kifayen dolfin suna kewaye ta, aikin ya yi kyau har masu sassaƙa hatimin irin su Kimon suka sa sunansu a jiki. Ƙungiyar masana sulalla ta Amurka da gidan tarihin Birtaniya sun zuba hotunan dubbai a intanet kyauta da nauyin kowace, ka riƙa kwatantawa a wayarka.

Wani abu kuma, dan Allah kar ka wanke su, har da kwabban kakarka. Na san hannunmu da toka da lemun tsami, amma wannan duhun da shekaru suka sa musu shi masu saye ke nema, in ka goge ka zubar da darajar. Ka fitar da su daga gwangwanin nan, kowace ka sa ta a 'yar ambulan ta takarda ka rubuta nauyinta da inda ka samo ta, ka ajiye inda danshin damina ba ya kaiwa, in ka ga wani koren gari yana fitowa a jikin ta tagulla ka ware ta daban nan take. Idan kun dawo daga wurin maƙerin ka turo min abin da sikeli ya nuna da hoton gefenta a hasken rana, sai mu ƙara dubawa tare.