Amsa: Abokin aikina yana kashe min gwiwa, in kai ƙararsa?

Ɗan'uwa, ka ce akwai wani dattijo a ofishinku da duk shawarar da ka kawo sai ya taɓe baki ya ce "mun ga irinta", kana tambaya ko ka tunkare shi ko ka kai ƙararsa wurin oga. Kada ka yi ko ɗaya. Ka ci gaba da gaishe shi, ka riƙa tambayarsa abin da ya sani, amma ka daina kai masa tunaninka tun yana ɗanye. Ba kai yake ƙi ba, aikin ne ya fita masa a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce irin wannan gajiya matsala ce da aiki ke haifarwa, kuma raina aikin na cikin alamominta 3.

Na zauna tebur ɗaya da irinsa. Tun kafin lokacin tashi ya kulle durowa, makulli a hannu, ido a kan agogon bango. Amma 'yarsa na bugo waya sai ka ji wata murya daban, har da ƙyaƙyata dariya. Kuma shi kaɗai ya san inda tsofaffin fayiloli suke, da teburin da takarda ke maƙalewa, abin da ba wanda zai koya maka a taro. Sharaɗi ɗaya dai: in abin ya wuce mita, ya koma ɓoye maka takardu ko ɓata ka a gaban oga, to ka rubuta abin da ya faru da kwanan wata, ka kai gaba.