Ciwon gwiwa da ƙugu bayan aikin ƙaba: likita ya amsa

Tambaya: Likita, mako 3 ke nan da aka yi mini aikin ƙaba a matsematsin dama, irin wanda ake huda ciki a sa kyamara. Wurin ya warke, amma gefen cinyata na waje yana raɗaɗi har kusa da gwiwa. Ko wando ya goge ni sai na ji. Kuskure aka yi?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ciwon jijiyar da ke kai wa fata ji ne, ba jijiyar jini ba. Wata siririya daga cikin irin waɗannan jijiyoyi tana ratsawa ta gefen inda ake shimfiɗa ragar da ke toshe ƙabar, sannan ta sauka ta bazu a gefen cinya. Kumburin aiki, ko ragar, ko ƙusoshin da aka kafe ta da su, kowanne na iya takura ta. Shi ya sa kake jin zafin nesa da inda aka taɓa. Ba lallai kuskure ba ne, kuma galibi yakan lafa cikin makonni. Ka bar matsattsen wando da ɗaure bel da ƙarfi. Farasitamol ba ya cika yi wa irin wannan ciwo komai. Likitanka zai iya rubuta maka gabafentin ko amitiriftilin, amma kada ka saya da kanka, suna sa barci da jiri. In ya haura wata 3, ya zama ciwo mai naci, abin da ke samun kusan mutum 1 cikin 10. A nan ake gwada allurar kashe zafin jijiyar. Cire raga sai an rasa yadda za a yi.

Tambaya: Mahaifinmu ya miƙe da yammar ranar aikinsa, sai gwiwar ta lanƙwashe ya faɗi. Shanyewa ce?

Amsa: Da wuya. Allurar kashe ciwo da ake yi a matsematsi takan malala ta kama babbar jijiyar da ke miƙar da gwiwa. Ƙarfin yakan dawo cikin awoyi, ko kwana guda. Kafin nan kada Baba ya taka sai an riƙe shi. In an kwana 2 ƙafar ba ta dawo ba, ku mayar da shi.

Tambaya: Shekarata 62. Wata 5 da aikina, amma ciwon matsematsin da ya kai ni asibiti yana nan, yanzu ma har gwiwa, ina ɗingishi.

Amsa: Alhaji, wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai, don kalmar nan "yana nan". Mutane suna ɗauka ciwon gaɓar ƙugu a baya ake jinsa ko a gefe. A'a, a matsematsi ya fi fitowa, daidai inda ƙaba take, kuma yana sauka gwiwa saboda jijiyoyin da ke kula da gaɓoɓin biyu ɗaya ne. Sai mutum ya zo da ƙaba da kuma gaɓar da gurunguntsinta ya cinye. Ƙabar ce ake gani da ido, ita ake gyarawa, ciwon kuma bai gusa ba. Mu likitoci ma muna faɗawa wannan tarko. Gwada wannan: yanke farcen ƙafa ko ɗaure takalmi yana ba ka wuya? Da safe gaɓar tana ƙagewa sai ka ɗan taka ta sake? In haka ne, hoton ƙashin ƙugu nake so ka yi kafin kowa ya sake taɓa wurin aikin. Kuma in kana da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, ka yi hattara da ibufurofen da diklofenak.

Tambaya: Kwana 6 da aikin mijina, bayan gwiwarsa da sharaɓarsa sun kumbura, suna zafi. In gasa masa da ruwan zafi?

Amsa: Kada ki gasa, Hajiya, kada ki matsa. Ƙafa ɗaya ta kumbura bayan tiyata, gudan jini muke fara zargi, kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ku tafi asibiti yau a duba jijiyoyin jinin ƙafar da na'ura. In numfashinsa ya soma sarƙewa ko ƙirji ya kama ciwo, sashen gaggawa kai tsaye, ko da tsakar dare ne.