Amsar tambayarka kan manyan bindigogin iska da ake yawan dawo mana da su

Toh yarona na ga saƙonka. Kace me yasa waɗannan manyan bindigogin iskan masu faɗin baki, su .357 da .45 da .50, basa jimawa sai an dawo mana dasu, alhali ƙananan .177 da .22 sai suyi shekaru ba wanda ya kwance su, kace ko dai ƙirar ce bata da kyau. Yawanci ƙirar lafiyarta lau. Wahalar da kayan cikinsu ke sha ce tayi yawa, sannan masu su suna ƙara musu da nasu.

Ɗauki biro kayi lissafin nan da kanka. Ƙaramar bindigar da ake riƙewa ba lasisi a Ingila ƙarfinta baya wuce jul 16 (jul shine ma'aunin ƙarfin harbi), su kuwa manyan nan irinsu AirForce Texan ko Umarex Hammer ana maganar jul ɗari shida, ɗari bakwai har sama. Kafin iska ta tura dalma mai nauyi haka dole ƙofar bawul, wato abinda ke sakin iska daga tankin bindiga zuwa bututu, ta zama babba. Ka ƙaddara ramin bawul ɗin faɗinsa milimita 10 ne, matsin iskar tanki kuma na kan ba 250 (ba, wato bar, shine ma'aunin matsin iska), toh nauyin da ke danne kan bawul ɗin ya kai wajen kilo 200. Duk sanda aka ja kunama sai hama, ƙarfen da sifirin ke turowa a cikin bindigar, ta bugi ɗan siririn sandan bawul da ƙarfin da zai ɗaga wannan nauyin, ya buɗe na ƙiftawar ido, iska ta sake mako shi ya rufe da ƙarfi. Kan bawul ɗin kuma roba ce mai tauri, Delrin ko PEEK. Ka gaya min ta yaya ba zai gaji ba? Ga kuma shan iska da yawa, shiyasa ma wasunsu harbi uku zuwa biyar kawai suke bayarwa da cikakken ƙarfi sai a sake ɗura iska, kuma kowace ɗura wata wahalar ce ga robobi.

Matsalar ma ba yau ta fara ba. Tun wajen 1780 sojojin Ostiriya sun riƙe bindigar iska ta Girandoni mai faɗin baki kusan .46, wadda sai an buga famfo wajen sau 1,500 kafin tankinta ya cika, matsin iskarta wajen ba 55 ne kawai amma duk da haka wahalar kula da ita, fatar da ke toshe iska ta bushe, tanki ya tsage, tana cikin abinda yasa suka ajiye ta. Mu yanzu muna ɗura ninki huɗu ko biyar na wannan.

Abinda nake so ka riƙe shine kada ka ɗauki sifana sai ka san inda ciwon yake. Na ganka ranar nan kana neman kwance bindiga tun mai ita bai gama bayani ba. Ka fara da tambayarsa: da me kake ɗura iska, har nawa kake kaiwa, da wane mai ka shafe ta, wane harsashi kake sa mata. Wallahi sau da yawa kafin ya gama amsawa ka riga ka gano.

In yace tana yoyo, ɗura mata iska ka kawo ruwan sabulu ka ɗiga a wajen ɗura iska, gindin geji mai nuna matsin iska, da inda tanki ya haɗu da jiki, ka zuba ido. Yoyo mai sauri zaka ji shi da kunne, mai sanyin ne ke wahalarwa, wanda sai bayan kwana biyu geji ya sauka. Wannan sai ka sa balan-balan a bakin bututu ka ɗaure, ka rufe bayan, ka barta ta kwana. In ka tarar balan-balan ta kumbura toh bawul ne ke zubarwa, in bata kumbura ba ka koma kan robobin zobe. Sabulun kuma ka goge shi tas bayan ka gama, yana kawo tsatsa.

Robar zoben nan, orin, in ka ciro ta kada ka jefar sai ka kalle ta da kyau a haske. In ka ga gefe ɗaya ya gutsuttsure kamar ɓera ya ɗanɗana, iska ce ta matse ta cikin tsagar ƙarfe, ma'ana tayi laushi da yawa a wajen, a sa mai tauri lamba 90 maimakon 70. In ta baje tayi lebur tsufa ne. In yanka ne guda ɗaya mai tsabta toh wanda ya sa ta ne ya yanke ta a bakin zare, kuma in kai ka sa sabuwa da garaje haka zaka yi mata. In ta kumbura tayi taɓo-taɓo kuwa an shafa mata man da bai dace ba.

Maganar mai, ka saurare ni da kyau anan domin wannan ba asarar kaya kaɗai bace, rai ne. Duk inda iska mai matsi take shiga, giris ɗin silikon kawai ake sawa, shima ɗan kaɗan, robar tayi sheƙi shikenan. Baƙin mai, man keke, man feshin da ake kwance noti dashi, duk wani mai da aka samo daga fetur, in ya haɗu da iska a ba 200 ko 300 yana iya kamawa da kansa kamar yadda injin dizal ke tashi ba fulogi, tanki ya fashe a hannun mutum. Iskar oksijin ta masu walda kuwa ko da wasa, mutane sun ji munanan raunuka a kan haka. Silikon ɗin kuma baya aiki inda ƙarfe ke goga ƙarfe, hama da kunama nasu daban ne, kuma hama tafi son a barta kusan a bushe, in ka cika mata giris sai tayi nauyin tafiya harbi ya dinga bambanta.

Amma babban mai kashe su ruwa ne. Ƙananan kwamfiresocin nan da kowa ya saya yanzu suna zuƙo iska da laimarta, in aka matse ta ruwan ya fito, in ba filta mai kyau mai ƙwayoyin tsotse laima kuma mutum baya buɗe noti yana zubar da ruwan, duk cikin tankin bindiga zai tare. Watarana zan nuna maka, ka haska tocila cikin tankin alminiyom ka ga wani farin gari da ƙananan ramuka a bango, na ƙarfe kuma jan tsatsa. Garin nan shi iska ke kwasowa ya zauna a kan bawul, ƙwaya ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, sai a ce bindiga bata da kyau. In ka canza bawul baka gyara yadda mai ita ke ɗura iska ba, bayan ɗan lokaci zai dawo yace aikinka ne. Tankin da ya riga yayi ramuka kuma bama gyara shi, canzawa ake. Manyan tankunan kabon faiba da ake ɗura mata dasu, a Amurka duk shekara 5 ake gwada su da matsin ruwa, yawancinsu kuma shekara 15 ne wa'adinsu, ka dinga duba kwanan watan da ke jiki.

Sai masu cewa ta rage ƙarfi. Kafin ka zargi sifirin ɗin hama ka duba geji, da yawa sun zarce iyaka ne wai don ta ƙara ƙarfi, alhali in iska tayi yawa hama bata iya buɗe bawul sosai, harsashi ya fita a sanyaye, wani lokacin ma ya maƙale a bututu. Rana ma na yin haka, bindigar da aka cika ba 250 da sanyin safiya in aka barta cikin mota ta ɗau zafi zata iya haura 280. A ɗura a hankali kuma, saurin ɗurawa na zafafa iska. Kuma kada kunne ya ruɗe ka, ƙara ba ƙarfi bace, sa ta a na'urar auna gudun harsashi ka rubuta lambobin. Mai regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin iskar kowane harbi, in harbin farko kullum ya bambanta da sauran bayan ta kwana, regiletan ne ke zarcewa a hankali.

Rashin saiti kuwa fara da notuka, bugun manyan nan yana kwance notukan madubin saiti da na ƙota. In sun ɗauru sai ka leƙa bututu, dalma mai laushi na barin shafi a ciki, a goge da ƙyalle ta baya a jawo zuwa baki. Ka auna harsashin ma, .452 da .457 duk .45 ake ce musu amma bututu ya san bambanci.

In zaka miƙa wa mai ita ka gaya masa kada ya ajiye ta ba iska, matsin ne ke riƙe robobi da bawul a mazauninsu, kuma kada ya harba ta tanki wayam, hama zata dinga dukan bawul ba abinda ke tare ta. Kai kuma kafin ka taɓa noti ko ɗaya ka tabbata ba harsashi a ciki, ka sauke iskar duka, kada ka yarda da geji kaɗai domin allurarsa na maƙalewa, kuma kada ka laluba yoyo da yatsa, iska mai wannan matsin na huda fata ta shige jiki. In noti yayi maka tauri fiye da yadda ka sani ka tsaya, wataƙila akwai sauran iska a bayansa. Gobe ka fara da .45 ɗin nan da aka kawo, sa mata balan-balan tun yau kafin ka tashi.