Hukuncin Biyan Kuɗi Don Samun Aikin Gwamnati Bayan Gama Bautar Ƙasa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, na karanci tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na yi bautar ƙasa a jihar Neja, yau wata bakwai ke nan da dawowata gida Mabera, a Sakkwato. Tun da alawus ɗin nan na naira 77,000 ya tsaya ban sake ganin kuɗi nawa na kaina ba, ko na kabu-kabu sai Inna ta ba ni. Wani mutum ya ce zai samo mini gurbi a wata hukumar tarayya a kan naira miliyan 2, rabi yanzu, rabi idan takardar ɗaukar aiki ta fito. Inna ta ce za ta sayar da gonarta ta gado a biya. Abokina ya ce malamai sun halatta mutum ya ba da kuɗi don ya karɓi hakkinsa, kuma ni na cancanta, sakamakona mai kyau ne. Shin in biya? In kuma wani babba ya sa mini baki ba tare da kuɗi ba fa? Sannan yayana na wajen baffa ta haka ya shiga aiki, mene ne matsayin albashinsa?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah shi yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin gonar ta fita hannu. Kar ka biya. Wannan kuɗi rashawa ne, haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa da dillalin da ke tsakani. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 188, kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, ku miƙa su ga mahukunta don ku ci wani yanki na dukiyar mutane da zunubi alhali kuna sane. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Gurbin aikin gwamnati amana ne a hannun wanda aka ɗora a kansa, ba hajarsa ba ce. Wanda ya sayar da shi ya sayar da abin da bai mallaka ba.

Maganar abokinka tana da asali, wurin da ya ɗora ta ne ba wurinta ba. Malamai da yawa sun yi sauƙi ga wanda aka danne wa hakki, ya rasa kowace hanya ta karɓo shi sai ya ba azzalumi wani abu. Suka ce laifin yana kan mai karɓa. An ruwaito cewa an taɓa kama Abdullahi ɗan Mas'udu a ƙasar Habasha ya ba da dinari biyu aka sake shi. To amma duba abin da ya fansa: kansa, wanda dama nasa ne. Kai fa, wannan gurbi yaushe ya zama naka? Digiri ya ba ka damar shiga layi, bai ba ka kujerar ba. A shekarar da ka fita, jami'arku kaɗai ta yaye dubbai, ga na Jami'ar Jihar Sakkwato, ga na kwalejin kimiyya da fasaha, ga 'yan'uwanku na Kebbi da Zamfara, kowa da takardarsa a cikin leda yana jira. A cikinsu akwai wanda ya fi ka sakamako, uwarsa kuma ba ta da gona. Miliyan biyun nan sayen tsallake shi ne, ba karɓo hakki ba.

Da a ce an yi tallar aikin, ka zauna jarrabawa, aka gana da kai, sunanka ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka, sannan wani akawu ya zauna kan fayil ɗinka ya ce sai ya ga goro, ka kai ƙara sama ba a saurare ka ba, nan ne za mu buɗe babin sauƙin da malamai suka yi. Ko a nan ma na fi son mutum ya ƙure hanyar ƙorafi tukuna. Halin da ka kwatanta mini bai kama hanyar wannan ba ko kusa. Ba a yi talla ba, ba ka yi jarrabawa ba, wani mutum ne kawai ya ce yana da hanya.

Mu mutanen garin nan bai kamata wannan ya rikice mana ba. Cikin al'adun sarakunan Haɓe da Shehu Usmanu ya ƙirga a Kitabul Farƙi, waɗanda ya ce sun saba wa mulkin Musulunci, har da gaisuwa, wato abin da ake kai wa mai mulki kafin a ga biyan bukata. Sunan ya canja, yau ana cewa kuɗin hanya ko na shan ruwan manya, abin bai canja ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, Shehu Halilu a Muhtasar, cikin babin rance, ya jera mai alfarma da alƙali cikin waɗanda bai halatta a yi wa kyauta saboda matsayinsu ba. In kyautar da aka kai da sunan alheri ta haramta, ina ga farashin da aka yanka tun kafin a fara, rabi yanzu rabi daga baya kamar cinikin fili?

Bari in ɗan kauce daga fiƙihu in gaya maka abin da idona ya gani. Wani yaro da ke zama karatun Risala a zaurena bayan Magariba ya zo mini da takardar ɗaukar aiki, da tambarin hukuma da sa hannu da kore-koren tawada, yana murna in sa albarka. Shanu biyu na babansa aka kai kasuwar Kara aka sayar. Ya hau mota ya kwana a hanya zuwa Abuja don a tantance shi, mai gadi ya duba takardar ya ce shi ne na huɗu da ya kawo irinta a makon. Lambar dillalin tun ranar ba ta sake shiga ba. Ya kasa kai ƙara, don in ya je zai fara da faɗin cewa shi ma rashawa ya bayar. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, mutane suka fito suka ba da shaidar miliyoyin da suka biya. Dokar ƙasa ma, wadda ta kafa hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC a 2000, ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa a laifi. Amma ko da takardar za ta fito ta gaske, hukuncin da na faɗa yana nan.

Sa baki daban yake. Annabi ya ce ku yi ceto za a ba ku lada, Buhari da Muslim suka ruwaito, kuma Suratun Nisa'i aya ta 85 ta ce wanda ya yi ceto mai kyau yana da rabo daga gare shi. Idan wani babba ya san ka, ya san iliminka da halinka, ya ce a duba takardun yaron nan a gwada shi, babu laifi, muddin ba za a ture wanda ya fi ka cancanta ba. Neman aikin kansa ma ba aibi ba ne, Annabi Yusufu ya ce a ɗora shi kan taskokin ƙasa don shi mai tsarewa ne masani. Sai dai kar ka kai wa babban nan rago bayan an dace. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Umama cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa ceto, aka yi masa kyauta a kai ya karɓa, ya je wa babbar ƙofa cikin ƙofofin riba. Godiya da addu'a sun ishe shi.

Yayanka kuwa ya yi laifi a ƙofar shiga, tuba ta wajaba a kansa, kuma kada ya zama dillalin wasu. Abin da na fi natsuwa da shi game da albashinsa: idan takardunsa na gaske ne, ya iya aikin, yana zuwa yana yi, albashin ladan aikinsa ne, ku ci tuwon gidansa ba tare da waswasi ba. Idan kuwa da takardar bogi ya shiga, ko sunansa kawai ke cikin jerin biya shi yana kasuwa, wannan wata mas'ala ce, ya zo da kansa mu yi magana.

Ban manta da wata bakwan da ka ambata ba. Na san zafin namiji ya miƙa wa uwarsa hannu alhali ita ke jiran ya fara ba ta, na san yadda tambayar "an dace kuwa?" ke sa mutum ya canja hanyar masallaci. Lokacin da Abdurrahmanu ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya ce Allah shi yi albarka, ku nuna mini kasuwa. Da cuku da man shanu ya fara. Kai ka karanci tattalin arziki, kuma kana zaune a jihar da albasarta ke cika manyan motoci zuwa Kudu har ƙetaren iyaka. Ka san buhun da ake sayarwa da arha a Goronyo ko Wurno lokacin kaka ba shi ne farashinsa in damina ta yi nisa ba, ka san kuma rubewa ke cinye ribar mai ajiya. Je ka zauna kusa da wani dillalin albasa na kaka guda, ka riƙe masa lissafi, ka ga inda kuɗi ke zubewa. Ko ka karɓi koyarwa a makarantar kuɗi ko da albashin bai taka kara ya karya ba, kana cike takardun neman aiki duk inda aka yi talla ta gaskiya.

Inna kuma, ƙin karɓar gonarta ba saɓa mata ba ne, don babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Amma kar ka je mata da aya da hadisi kamar mai wa'azi. Ka zauna kusa da ita bayan Isha'i ka ce kana tsoron gonar ta tafi aikin bai zo ba, ka nemi ta ba ka aron ta ka noma bana, a raba amfanin yadda kuka shirya tun farko a gaban shaidu biyu, saboda 'yan'uwanka da su ma suke da ido a kanta. In dillalin ya sake kira, ka ce masa an fasa, kar ka tsaya jan magana.

Wallahu a'alamu.