Ciwon damuwa: idan mai ciwon ya ƙi magani

Tambaya: Likita, ƙanena yana haya da babur a Garwa. Shekara uku ke nan ba walwala, ba barcin kirki, ko majalisar abokai ya daina zuwa. An rubuta masa ƙwayar ciwon damuwa mai suna fluoxetine, ya sha kwana goma ya watsar, wai ba ta aiki. Taurin kai ne?

Amsa: Yaya, kwana goma ai bai isa a yanke wa ƙwayar nan hukunci ba. Sai ta yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ji sauƙi. Abin takaici, tashin zuciya da ciwon kai su ke riga sauƙin zuwa, a nan kuwa mutane da yawa ke zubar da ita. Sannan damuwar da ta haura shekara 2, ita da kanta take raɗa wa mutum cewa babu abin da zai yi masa amfani. Wannan “me za a yi min?” da kike ji daga bakinsa, ciwon ne ke magana. Gori da faɗa sai dai su ƙara rufe masa baki. Ki raka shi ya koma, ya gaya wa likita ƙarara cewa ya daina sha. Mun fi son wannan da mai cewa “ina sha” alhali kwalin na ƙarƙashin katifa, don shi ke sa mu ƙara ƙarfin magani a banza. In ya fara zancen gara mutuwa, a kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: ’Yata ce a Marwa ke fama da ciwon damuwa. Muna yi mata ruƙiyya, dangi sun ce maganin asibiti yana kama jiki kamar tramol.

Amsa: Baba, a ci gaba da addu’a, ba ta hana magani. Amma tramol daban, wannan daban: magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa bugarwa, ba sa sa ƙishirwar ƙari. Amitriptyline dai tana busar da baki, tana kawo barci, shi ya sa ake sha da dare.

Tambaya: Na ji sauƙi bayan wata biyu. In daina?

Amsa: A’a, Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan an warware, sannan a rage a hankali da sanin likita.