Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ɗaga Kiɗa ko Sauke Shi Ba Tare da Sautinsa Ya Lalace Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mawaƙiya ce, ina waƙa a bukukuwan mata kamar kamu da wuni, kuma da kiɗan da aka riga aka naɗa nake aiki, domin ba ni da halin ɗaukar makiɗi da fiyanonsa zuwa kowane taro. Yawancin kiɗan da ke hannuna an buga shi ne daidai da muryar namiji, idan na bi shi ta ƙasa sai muryata ta nutse, idan na haura sama kuma maƙogwarona ya gaza. Wani ƙanena ya ɗaga mini ɗaya a waya, amma sai kiɗan ya yi sauri, muryar 'yan amshi ta tsuke, ganga kuma ta rasa nauyinta. Shin akwai hanyar gyara wannan? Daga wata mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Hanya tana nan, kuma mafi kyawunta ba ta cikin waya, tana wurin wanda ya buga kiɗan tun farko. Kafin mu kai can, ya kamata ki san abin da ya faru da kiɗan da ƙanenki ya taɓa.

Sauti girgiza ce, kuma yawan girgizar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ke sa murya ta yi sama ko ta yi ƙasa. Idan kika dubi madannan fiyano, farare da baƙaƙe, daga kowane madanni zuwa maƙwabcinsa mataki ɗaya ne, kowane mataki kuma yana ƙara girgizar da kusan kashi 6 cikin 100. Sautin da ake daidaita kayan kiɗa da shi yana girgiza sau 440 a daƙiƙa, na gaba da shi kuwa kusan sau 466. Hanya mafi sauƙi ta ɗaga kiɗa ita ce a ƙara masa gudu, kamar yadda yake faruwa ga kaset idan rikoda ta ja shi da sauri, kuma ga alama abin da manhajar wayar ta yi ke nan. Idan aka ɗaga mataki 3 ta wannan hanya, gudun zai ƙaru da kusan kashi 19 cikin 100, waƙar minti 5 ta koma minti 4 da daƙiƙa 12, kuma duk abin da ke cikinta, har da ganga da muryar 'yan amshi, sai ya tsuke tare.

Shawarata ta farko, wadda na fi ƙarfafawa, ita ce ki koma wurin makiɗin. Mafi yawan kiɗan da ake bugawa a situdiyoyin Kano, irin waɗanda ke Titin Gidan Zoo, ana haɗa shi ne da fiyano samfurin Yamaha ko Korg, ko kuma a kwamfuta da manhajoji irin su FL Studio da Cubase. A wannan matakin, galibin abin da na'ura ta ajiye umarni ne da ake kira MIDI, wato bayanin wane madanni aka danna, da wane ƙarfi, kuma tsawon wane lokaci. Idan makiɗi ya taɓa maɓallin da aka rubuta wa Transpose, wato na ɗaga kiɗa ko sauke shi, na'urar za ta sake buga kowane sauti sabo fil a sabon matsayinsa, ba tare da ta miƙe ko ta matse komai ba, don haka ko mataki 5 aka ɗaga tsabtar sautin tana nan. Ganguna kuma ana barinsu inda suke, domin tasharsu daban ce. Aikin ba ya ɗaukar lokaci muddin makiɗin bai goge ajiyar aikinsa ba, kuma kuɗin da za ki ba shi haƙƙinsa ne, tunda da guminsa kike neman abinci.

Idan ba a san wanda ya buga kiɗan ba, ko ajiyar ta ɓace, to sai a yi aiki da sautin da aka naɗa, kuma a nan gaskiya ita ce ba a rasa ɗan tasgaro, sai dai a rage shi har kunne ya kasa kamawa. Manhajar kwamfuta ta Audacity kyauta ce, kuma ta isa wannan aiki. A cikinta a zaɓi umarnin Change Pitch, a guji Change Speed (a sababbin nau'o'in manhajar sunansa Change Speed and Pitch), domin na biyun shi ne mai haɗa ɗagawa da gudu. A cikin akwatin da zai buɗe akwai wurin da ake zaɓar aiki mai inganci wanda ke ɗaukar lokaci, lallai a zaɓe shi ko da kwamfutar za ta jima tana lissafi. Manhajar tana yanka sautin gunduwa-gunduwa ƙanana ne ta sake jera su domin tsawon waƙar ya tsaya yadda yake, kuma daga wannan yanka da jerawa ne ake samun rawar sauti da dusashewar bugun ganga. Mataki 1 ko 2 da wuya a gane an taɓa, mataki 3 yana yiwuwa, amma daga 4 zuwa sama aibin yana fara fitowa fili, musamman a muryar mutum.

Akwai wata dabara da ke taimaka wa mata masu bin kiɗan maza. Bayan mataki 12 sautuka suna maimaita kansu ne a sama, saboda haka ɗaga kiɗa mataki 8 da sauke shi mataki 4 duk wuri ɗaya suke kai muryarki. A kullum ki zaɓi wanda ya fi kusa. Kafin a taɓa komai ma, ki zauna da mai fiyano ki rera baitin da ya fi kowane hawa sama da wanda ya fi sauka ƙasa, a gano adadin matakan da kike bukata, domin sau da yawa mataki 2 ya wadatar alhali mutum yana zaton sai 5.

Ingancin fayil ɗin da aka fara da shi yana da nauyi ƙwarai. MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti domin ya rage girma, shi ya sa minti ɗaya na WAV, wato nau'in fayil ɗin da ba ya zubar da komai daga sautin, mai ingancin faifan CD ke kai kusan megabait 10, na MP3 mai lambar inganci 128 kuwa bai wuce kusan megabait 1 ba. Duk lokacin da aka gyara MP3 aka sake ajiye shi a MP3, an sake zubar da wani abu, kamar takardar da ake yi wa fotokwafi daga fotokwafi har rubutun ya dushe. Don haka ki nemi WAV idan akwai, a yi gyaran sau ɗaya tak daga na asali, idan bai yi daidai ba a koma na asalin a sake, kada a ɗora gyara a kan gyara. A ɗan rage ƙarar kiɗan kafin a fara, domin gyaran yakan tura wasu wurare su wuce iyaka su riƙa tsagewa a lasifika.

Batun 'yan amshi da ganga shi ne mafi wahala. Yanzu akwai manhajoji irin su Moises da ke raba waƙa kashi-kashi, murya daban, ganguna daban, sauran kayan kiɗa daban, kuma da su za a iya ɗaga kayan kiɗan a bar gangunan yadda suke. Sai dai a saurari kalangu da kyau bayan an haɗa, domin shi ganga ne mai hawa da sauka, wani lokaci yakan saɓa da sabon matsayin kiɗan idan aka bar shi a baya. Amshi kuwa, a ganina gara a cire shi ɗungurungum a kira mata biyu ko uku su sake rera shi a situdiyo, domin muryar mutum tana da siffar da girman baki da maƙogwaro suka ba ta, kuma kunne yana saurin gane an taɓa ta.

Idan an gama, kada ki yanke hukunci da lasifikar waya. Ki gwada kiɗan a manyan lasifikoki irin na wurin biki, ki rera waƙar tun daga farko har ƙarshe da makirufo a hannu. Nan gaba kuma, duk kiɗan da za a buga miki, ki roƙi makiɗin tun kina situdiyo ya fitar miki da shi kashi uku a WAV, ɗaya a matsayin da kuka tsayar, ɗaya sama da mataki 1, ɗaya ƙasa da mataki 1, domin ranar da mura ko gajiyar bukukuwan jere ta sauke miki murya.